Sake Faɗa, Ɗan'azumi

Innarmu ba ta taɓa roƙon Allah gida ko zinariya ba, ni dai ban taɓa ji ba. Abu ɗaya take nema safe da yamma, har mu 'ya'yanta mun haddace: Allah Ya sa kalmar shahada ta zama maganarta ta ƙarshe a duniya. In ta idar da salla shi ne, in ta yi tuntuɓe a matakala shi ne, in aka ce wance ta haihu ma sai ta liƙa shi a ƙarshen barka. Kakanta da ƙafa ya taho daga ƙasar Sakkwato har Makka don ya mutu a nan, ita kuwa ta ce tunda an riga an yi mata tafiyar, abin da ya rage mata shi ne cikawar.

Kuma ba da ka take maganar ba, aikinta ne. A unguwarmu ta Ka'akiyya, duk macen da ciwo ya kai ta gargara, Inna Hadijatu ake aikawa a kira. Tun ina budurwa nake riƙe mata jaka ina binta, ta koya mini yadda ake laƙƙana wa mai mutuwa shahada. Takan ce, "Hussaina, ba a ce wa mutum 'faɗi', kada zafin ciwo ya sa ya ce ba zai faɗa ba. Ke dai ki faɗa a kusa da kunnensa a hankali, zai bi ki. In ya bi, ki kama bakinki, kowa ya kama nasa. In kuwa ya sake yin wata maganar duniya, ko da ruwa ya ce a ba shi, to an koma farko, sai a sake laƙƙana masa." Na sha ganin ta kori manyan mata daga ɗaki don sun cika surutu a kan mai mutuwa. Ba ta da wasa a wannan wurin ko kaɗan.

Mu biyu muka rage mata, ni da ƙanena Talal. Hassanata tun muna jarirai ta koma. Talal ne sunansa a takarda da makaranta, amma a bakin Inna Ɗan'azumi ne, don a watan azumi ta haife shi, ana tsaka da tarawihi a Harami. Yaro mai kai, ba na yi masa hassada. Ya yi karatun kimiyya, ya sami aiki a Jidda wurin masu tace ruwan teku ya zama na sha. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa duk ta karkace, in yana magana da ni Abla yake ce mini irin na mutanen Hijaz. Sai in yana neman wani abu, ko ransa ya ɓaci, sannan nake zama Yaya.

Inna ce ta fara lura, ba ni ba. Wata rana ta ajiye waya bayan sun gama magana, ta ce, "Yaron nan ya daina cewa in sha Allahu."

Na ce, "Haba Inna, yaran yanzu ne, sauri suke yi."

Ta ce, "Na ce masa zai zo Juma'a? Ya ce zai zo. Shi ke nan. Kamar Juma'ar a aljihunsa take."

Na yi dariya na bar zancen. Amma daga ranar sai na kasa kunne, kuma wallahi gaskiyarta. Ba in sha Allahu, ba alhamdu lillahi, in an yi atishawa sai ya miƙo tishu.

Lokacin da ƙodar Inna ta fara ba da matsala, shi ne ya tsaya a kanta. Ba na cin haƙƙinsa. Ya bar aiki ya taho, ya goya ta a bayansa daga hawa na uku har mota, ya zauna da likitoci yana tambayarsu abin da ni ko sunansa ban iya faɗa ba. Wata rana mun bar ta a ɗakin wankin ƙoda, muna zaune a motarsa a bakin asibiti, rana kamar za ta narka gilashi, na ce masa ya biya Harami ya yi mata ɗawafi ya roƙa mata sauƙi.

Ya ce, "Yaya, ba zan iya ba."

Da na ji "Yaya" na san akwai magana. Na ce, "Ƙafarka ce ke ciwo?"

Ya ce, "Ban yarda akwai mai ji ba. Na daɗe a haka. Na gaji da yi miki ƙarya."

Ni fa ba a san ni da haƙuri ba, mijina Tijjani shaida ne. Na yi masa tas a cikin motar nan. Na ce, kai da aka yanke wa cibiya ana jin liman daga Harami? Kai da ka tashi kana wasa a inda mutane ke sayar da gonakinsu su zo su gani sau ɗaya? Don ka iya auna gishiri a ruwa shi ne za ka auna Ubangiji? Na ce tir da wannan karatu. Na yi kuka, na bugi kafaɗarsa, na sake yin kuka. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Sai da na gaji ya yi magana. Ya ce ba karatun kaɗai ba ne. Ya tuna mini shekarar da ya yi aikin agaji a Mina lokacin aikin Hajji, shekarar da zafi ya yi tsanani. Ya ce ya riƙe tsofaffi a hannunsa suna salati suna mutuwa, waɗanda aka zuba wa ruwa da ƙanƙara da wuri su ne suka tashi, waɗanda ba a kai gare su ba suka tafi, kuma duk addu'a ɗaya suke yi. Ya ce kullum yana buɗe labarai yana ganin ana tono yara daga ƙarƙashin gini, iyayensu sun fi mu roƙo, kuma gobe a sake tono wasu. Ya ce a wurin aikinsa in ka faɗi abu sai ka nuna, wani ya gwada ya gani, in ƙarya ne a yar. "Na nemi inda zan gwada wannan, Yaya, ban samu ba. Ba taƙama nake yi ba. Da zan iya komawa yadda nake da, da yau na koma. Kin san daɗin da ke cikin sanin cewa za ka sake ganin mahaifiyarka?"

Na ce masa jarrabawa ce, duniya ba gidan sakamako ba ce, kuma ƙanƙarar ma wa ya halicce ta? Ya ce ya san amsar nan, shi ma ya sha ba wa kansa ita, ta daina riƙe shi ne kawai. Daga ƙarshe na sa shi ya yi mini alƙawarin abu biyu. Kada ya faɗa wa kowa, don wannan ba maganar da ake yi da ƙarfi ba ce a ƙasar nan, kuma kada Inna ta ji. Ya ce shi ke nan, ya yarda.

Daga nan zuwansa Makka ya zama na dole kawai. Ya taɓa ce mini duk lokacin da ya iso allon nan na kan hanyar Jidda, wanda ke raba hanyar Musulmi da ta waɗanda ba Musulmi ba, sai ya ji kamar ɓarawo. Ba mai tsayar da shi, takardarsa lafiya lau take, shi ne dai yake tsayar da kansa a zuci. Na ce masa ya ji da shi, ni ba ni da lokacin tausayinsa. Ƙarya nake yi, tausayinsa har hana ni cin abinci yake yi.

Inna ba ta sake tayar da zancen in sha Allahu ba. In ya zo ta sa a dafa masa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zauna tana kallonsa yana ci. In aka kira salla ya tashi ya fita kamar mai tafiya masallaci, ba ta tambayarsa wane masallaci. Ni har na saki jiki, na ce asirinmu ya rufu.

Ciwon ya ci gaba da cin ta har likita ya ce mu kai ta gida, abin da za su iya sun yi. Ita ma abin da take so ke nan, ta ce ba za ta mutu a cikin ƙarar na'ura ba. Ranar wata Talata bayan azahar numfashinta ya sauya. Na san wannan numfashin, na sha jin sa a ɗakunan mutane. Na kira Talal na ce ya taho yanzu, na aiki Tijjani ya sanar da maƙwabta amma kada kowa ya shigo. Na juya ta ta fuskanci alƙibla, na jiƙa auduga da zamzam na shafa mata a leɓe. Sannan na sunkuya kusa da kunnenta kamar yadda ta koya mini.

Ban kai ga buɗe baki ba ta ɗaga hannu ta ture fuskata. Hannun ba ƙarfi, amma turewa ce.

Ta ce, "Ba ke ba. Ɗan'azumi."

Na ce, "Inna, yana hanya. Bari in fara."

Ta rufe ido ta ja bakinta ta tsuke. Na san halin uwata, in ta yi haka ko liman ne ya zo sai dai ya koma. Na zauna ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, ina roƙon Allah kada Ya ɗauke ta kafin motar nan ta iso. Ban taɓa jin Jidda ta yi nisa irin na ranar ba.

Da na ji takunsa a matakala na fita na tare shi a bakin ƙofa. Na ce, "Ta ce kai za ka laƙƙana mata."

Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ni? Yaya, kin san ba zai yiwu ba. Ke ki yi."

"Ta hana ni."

"In na faɗa za ta ɗauka da gaske nake. Ba zan yaudare ta a wannan lokacin ba."

Na kama wuyan rigarsa, ni da ko kafaɗarsa ban kai ba. Na ce, "Saurara, malam mai gaskiya. Ba imaninka aka tambaye ka ba, bakinka ake ara. Matar nan tun kafin a haife ka abu ɗaya take roƙo. In ta mutu ba ta faɗa ba saboda kai, wallahi ni da kai har abada." Ya cire takalminsa ya shiga.

Ya durƙusa a gefen katifar. Inna ta buɗe ido, ta lalubo hannunsa ta riƙe. Ya kalle ni, na gyaɗa masa kai. Ya sunkuya, muryarsa can ƙasa kamar ta mai mura, ya ce, "La ilaha illallah."

Inna ta bi shi, tsaf, harafi bayan harafi. "La ilaha illallah."

Wani sanyi ya sauka a zuciyata. Na ɗora yatsa a baki na yi masa alama ya yi shiru. An gama, abin da ta rayu tana nema ta samu. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da numfashinta.

Can sai ta ce, "Ɗan'azumi, ka ci abinci?"

Inna lillahi! Na ce a raina magagin ciwo ne. Na matso na raɗa masa cewa ta yi maganar duniya, sai an sake. Ya sake faɗa. Ta sake bi. Na sauke ajiyar zuciya.

Ba a jima ba ta ce, "Rigar nan ta yi maka yawa. Ka rame."

Ya kalle ni, na yi masa alama. Ya faɗa, ta bi. Sai ta ce a rage sanyin ɗakin. Ya faɗa, ta bi. Sai ta tambaya ko an shayar da tattabarun da ke taga. Kowace magana sai ta tattaro ƙarfi kafin ta fito, leɓenta sun bushe, ƙirjinta na ƙara. Ni duk na rikice. Matar da ta kori mutane daga ɗaki saboda surutu, yau ita ce ke ɓata nata da kanta?

Sai na lura da idonta. Ba alƙibla take kallo ba, ba sama take kallo ba. Bakinsa take kallo. Duk lokacin da ya faɗa, idon nan sai ya bi leɓensa, irin kallon da take yi masa in yana cin tuwo. Ba magagi a cikinsa ko kaɗan. Ashe ta sani. Tun ranar wayar nan ta sani, ta bar mu muna ta ɓoye-ɓoyenmu. Dokar da ta koya mini da bakinta ita ce ta ɗauka take ja da ita, don ta san muddin tana magana dole ya ci gaba da faɗa.

Na faɗa kan katifar na kama ƙafarta. Na ce, "Inna, don girman Allah ki yi shiru. Kin faɗa, ya isa. Ki bar shi, Inna, ki ji da kanki."

Ta juyo da ido ta harare ni. A wannan halin, wallahi harara ce sosai, irin wadda take yi mini ina yarinya in na sa baki a maganar manya. Ta mayar da idon kan ɗanta.

Shi ma ya gane. Na ga lokacin da ya gane a fuskarsa. Ya ce, "Inna, ki bi ni sau ɗaya ki tsaya. Don Allah." Ban san ko ya ji abin da ya fito daga bakinsa ba. Ya faɗa yana kuka. Ta bi shi, wannan karon da ƙyar, rabin kalmar iska ce kawai. Na ce ya Rabbi yanzu, ɗauke ta yanzu. Ban taɓa zaton zan roƙa wa uwata mutuwa ba, amma ranar na roƙa da dukan zuciyata.

Shirun ya yi tsawo har na fara sa rai. Daga masallacin unguwa aka fara gyaran lasifika don kiran la'asar. Sai leɓenta suka motsa.

Ta ce, "Sake faɗa, Ɗan'azumi."

Ya faɗa da sauri. Ya sake faɗa da ƙarfi a cikin kunnenta. Ya girgiza hannunta ya faɗa, ya faɗa, har muryarsa ta dushe. Ba ta bi ba. Idonta na kan bakinsa, amma ba kowa a cikinsa. Ni ce na miƙa hannu na rufe mata ido, na ɗaure mata haɓa da ɗankwalinta.

Baƙin cikin da na ji a lokacin ba na mutuwarta ba ne kawai, mutuwa dai mun san tana tafe. Shekarun nan duka tana roƙon abu ɗaya, ya zo hannunta, ta riƙe shi, ta sake shi da gangan. Na so in tashi in rufe Talal da duka. Na so in rungume shi. Ban yi ko ɗaya ba, na fita na buɗe wa mata ƙofa.

Suka cika falo da salati. Kowacce ta shigo tambayarta ɗaya, don sun san wace ce Inna Hadijatu: ta samu cikawa da kalmar? Na ce ta faɗa, ta faɗa ba sau ɗaya ba. Suka ce Allahu akbar, ai dama mai yi wa mutane ba za a hana ta ba. Wata tsohuwa har da cewa ta yi sa'ar ɗa, shi ya laƙƙana mata da bakinsa. Na ce haka ne. Me zan ce?

Kafin magariba an gama wanka da suturta ta a ɗayan ɗakin, motar da za ta kai ta Harami a yi mata salla ta iso. Maza suka hau ɗaukar ta. Na leƙa ɗakin na tarar da Talal zaune a ƙasa inda na bar shi, audugar zamzam ɗin nan tana hannunsa. Mutumin da ya gaya mini da bakinsa cewa in an mutu an mutu, ba hisabi, ba kowa, ba komai. Ya ɗago ido jajur.

Ya ce, "Yaya."

Na ce, "Tashi, ana jiranka ka kama makara."

Ya ce, "Tsaya. Waɗanda ta faɗa a baya fa? A wurinku, ana karɓa mata su? Ko sai na ƙarshen kawai?"

A wurinku. Kalmar ta shige ni har ƙashi. Duk abin da Inna ta bayar, ga abin da ya dawo: a wurinku. Amma kuma ga shi zaune yana jiran in ce masa uwarsa ba ta yi asara ba a gaban Wanda bai yarda da Shi ba. Mai amsa irin wannan tambayar a unguwarmu ita ce ake saukarwa a matakala.

Na ce, "Ban sani ba, Ɗan'azumi."

Ban taɓa kiransa da sunan ba sai ranar. Na ɗauko takalminsa daga bakin ƙofa na ajiye masa a gabansa, ya sa, ya bi su ƙasa.